Ɗaukar Hoton Tsuntsaye da Furanni a Lokacin Hunturu

Yaro da ya tashi a birni yakan kira duk mai fiffike "tsuntsu", duk abin da ya huda kuma "fulawa". Ta haka sunaye suke salwanta a harshe. Saboda haka ake son malamin Hausa ya riƙa fita da kyamara, ko da ta wayar hannu ce, ya tattaro hotunan da zai koyar da waɗannan kalmomi.

Hunturu ne lokacin da ya fi dacewa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, tsuntsaye masu gudun sanyin Turai sukan ƙetaro Sahara su sauka a fadamun Haɗeja da Nguru, musamman a Dagona ta Jihar Yobe, wadda ke cikin Gandun Dajin Tafkin Chadi. A nan sukan cakuɗa da 'yan gida irin su kirinjijiya da ɗinya da zalɓe da balbela. Shamuwa kam ba za a same ta ba, domin baƙuwar damina ce.

Tsuntsu ba ya jiran mai hoto. Sai a fita da sassafe cikin tufafi marasa ƙyalli, a bar rana a baya, a matsa sannu a hankali, a kuma tsaya cik da zarar ya ɗaga wuya. Ranar da hazo ya yi kauri gara a haƙura, don launin gashi ba zai fito ba, alhali da launi da ƙirar baki ake rarrabe wani daga wani.

Fure kuwa ba ya tashi, amma iska na kaɗa shi. Idan aka kusanto da kyamara, ɗan wuri kaɗan ne ke fitowa tangaran, sauran ya dushe. Don haka a saita ta a kan tsakiyar furen, a jira iska ta lafa. Bado da gawo da mangwaro duk ana iya samun furensu a wannan lokaci.

Hoton da ba suna rabin aiki ne. Malami ya nuna shi ga masunta da mafarauta, ya rubuta sunan yadda suka furta, da garin da aka ji shi, kasancewar Bahaɗeje da Basakkwace ba lallai su yi tarayya a kalma ɗaya ba. Inda ba a sami suna ba, kada a ƙaga.

Jinga: Ɗalibi ya ɗauko hoton tsuntsaye uku da fure biyu, ya siffanta kowanne a sakin layi guda.