Wasiƙa zuwa ga samarin teburin mai shayi



Daren jiya ina kwance na jiyo musunku ta taga. Ɗaya ya ce talauci ne ya haifi ta'addanci, wani ya ce gurɓatacciyar aƙida ce, na ukun ya rantse makircin Turawa ne da 'yan siyasa. Kowa ya kafe a kan bakansa har mai shayi ya kashe risho. Ban fito ba, don dattijo in ya faɗo majalisar yara sai hira ta mutu.

Mai cewa talauci yana da abin kamawa. Muhammad Yusuf bai tara jama'a a Maiduguri da wa'azi kaɗai ba. Yakan ba da jari, ya aurar da samari, ya ciyar. Yaron da hukuma ba ta san da zamansa ba, a Markaz, cibiyar Yusuf, ya sami wanda ya san sunansa. To amma Umar Faruk Abdulmutallab, da ya yi yunƙurin tarwatsa jirgin sama a Amurka a Disambar 2009, yunwa ce ta kai shi? Ɗan attajiri ne, a Landan ya yi jami'a. Talakawa nawa ne kuma ke kwana ba su ɗora tukunya ba, amma ba su taɓa zare wa kowa wuƙa ba? A jingina abin ga talauci kaɗai cin mutuncinsu ne.

Mai cewa aƙida shi ma bai yi ƙarya ba. Sheikh Ja'afar Mahmud Adam ya yi wa da'awar Yusuf raddi a fili kafin a harbe shi a masallacin Ɗorayi a 2007. Haka Sheikh Albani Zariya, wanda aka kashe a 2014. Sun hango abin tun yana ƙwai. Sai dai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shi kuwa mai zancen makirci, ya zo da hujja mu saurara. In babu, ya sani zancensa yana da daɗi ne don yana wanke mu daga laifi.

Abin da ya hana ni barci shi ne wanda ba wanda ya taɓo a cikinku: me muka yi bayan abin ya faru?

A Disambar 1980 rikicin Maitatsine ya ci sama da mutum 4,000 a Kano. Soja suka murƙushe sansaninsa na unguwar 'Yan Awaki, aka kafa hukumar bincike ta Mai shari'a Aniagolu, aka ɗauka an gama. Almajiran Maitatsine suka watsu, wutar ta sake tashi a Bulunkutu a 1982, a Jimeta a 1984, a Gombe a 1985. A Yulin 2009 aka maimaita karatun. Soja sun kama Yusuf da ransa, suka miƙa shi ga 'yan sanda, ya mutu a hannunsu bai ga alƙali ba. Da an gurfanar da shi, da duniya ta ji wa ke ba shi kuɗi, wa ya ɗaure masa gindi. A maimakon haka aka bar wa mabiyansa gawa da hotunan bidiyo, magajinsa Shekau ya ɗauka ya yi jari da su. Daga nan duk samamen da aka kwashe samarin unguwa ba a tantance mai laifi ba, ƙanin wanda bai dawo ba ya zama mai sauƙin ja.

Da mutanen Maiduguri suka gaji a 2013, samari irinku ne, 'yan Ƙato da Gora, suka taimaka aka kori mabiyan Shekau daga cikin gari. Ba gorar ce ta yi aikin ba. Sun san fuska, sun san ɗan wane ne.

Sai batun tubabbu, da ake horarwa a sansanin Malam Sidi a jihar Gombe. Ina goyon bayan a bar ƙofar dawowa a buɗe, don wanda ya san mutuwa ce ke jiransa ba zai ajiye bindiga ba. Amma matar da aka kashe wa miji tana zaune a sansanin gudun hijira, ta ji an koya wa tubabbe sana'a an sallame shi, me za a ce mata? Da ita ya kamata a fara.

Naku aikin yana nan kusa. In abokinku ya daina bin limamin unguwa, ya fara kafirta mahaifinsa, ya koma kullum shi da waya, kada ku yi masa ba'a, kada ku ƙaurace masa. Masu farautarsa abin da suke jira ke nan. Ku ja shi wurin malami mai ilimi da haƙuri, ku sanar da wani babba a gidansu. Bidiyon yanka da ake turo muku a WhatsApp kuma, ku goge, don duk wanda ya tura gaba ya yi musu talla kyauta.

Daren Juma'a zan fito in Allah ya yarda. Ku rage mini wuri a benci, a haɗa mini nawa ba sukari.

Babanku na gidan kwana.