Karayar kwatangwalo: aikin kusoshi a asibiti

Tsohuwa ta zame a bakin rijiya. Dattijo ya faɗo daga amalanke. An zo tada shi, ya kasa tsayuwa. Ƙafa guda ta gajarta, tafinta ya juya waje, ciwo yana matsematsi. Wannan alamar karayar kwatangwalo ce.

Ƙashin cinya yana da kai mai kama da ƙwallo. Ƙarƙashin kan akwai siririn wuya. A nan yake yawan karyewa ga tsofaffi, musamman mata, domin ƙashinsu ya rage ƙarfi.

Maɗoran gargajiya sun san aikin hannu da ƙwauri. Amma wannan wuri yana can cikin tsoka, kara da tsumma ba su iya riƙe shi. Ja da murza kuwa suna iya tsinke ƙananan jijiyoyin jini da ke ciyar da kan ƙashin. In jini ya yanke, kan ƙashi yakan mutu. Saboda haka kada a ja ƙafar. A kwantar da shi bisa katako, a kai shi likita. Daga Guci ko Dungas za a tura shi Magariya, ko babban asibitin ƙasa na Damagaram, a ɗauki hoton ƙashi.

In ƙashin bai goce ba, likita yakan tsaga fata kaɗan, ya ɗaura kusoshin ƙarfe masu murɗi, yawanci guda 3. Su ke riƙe ƙashi har ya haɗe. In ya goce sosai ga tsoho, sau da yawa sai a sa kan ƙashi na ƙarfe. An fi son a yi aikin cikin kwana 1 ko 2.

Kusa ba ta warkarwa, jiki ke warkarwa. Haɗewar takan ɗauki wata 3 zuwa 6. Taba tana rage jinin da ke zuwa ga ƙashi. Ciwon sukari da yunwa su ma suna jawo jinkiri. A ba majinyaci nono, wake, gyaɗa, ƙwai, kifi da zogale.

Doguwar kwanciya tana kawo gyambon baya da ciwon huhu. Ya zauna, ya taka da sanda yadda likita ya ce. Amma ban da noma da ɗaukar kaya sai an ba shi izini. In ciwo ya dawo, ko bayan shekara 2 ne, a koma a sake hoto.