Maigida Na Son Kai Mu Dajin Kamuku

Gwaggo, maigidana haifaffen Birnin Gwari ne, amma a Kaduna muke zaune. Tun da aka yi sulhu da 'yan bindiga hanya ta buɗe, ba shi da magana sai ta kai yaranmu uku su ga Dogon Ruwa a dajin Kamuku, inda mahaifinsa ya taɓa kai shi yana ƙarami. Wani abokinsa ya ce zai shigar da mu a kan babura ta wata ɓarauniyar hanya, ba sai mun bi ta ofishin gandun daji ba. Na ce ban yarda ba. Yau kwana huɗu, gaisuwa kawai ke haɗa mu, wai na raina garinsu. Ya zan yi?
Maman Ilham, Kaduna.

'Yata, kin yi daidai da kika ƙi wannan hanya, kuma ko ni ce ba zan ɗora jikokina a kan waɗannan babura ba. Amma ina roƙonki ki dubi zuciyar mijinki da idon rahama. Mutumin da ya shekara da shekaru in an ambaci garinsu sai a ce "Allah Ya kyauta", yanzu yana so 'ya'yansa su san cewa akwai wani abu a can bayan labarin 'yan bindiga. Kewar gida ce ke damunsa, kuma ƙila da kewar mahaifinsa.

Wurin da yake marmari ya cancanci marmari. Tun 1936 aka keɓe dajin Kamuku a zamanin En'e, a 1999 kuma ya zama gandun daji na ƙasa, mai faɗin murabba'in kilomita sama da 1,100. Kogin Mariga ne ya raba shi da gandun Kwiambana na Zamfara. An san shi da giwaye da gwanki da kanki da gada, ga Goron Dutse, ga Tsaunin Rema, ga shi Dogon Ruwan da ruwa ke zubowa daga kan duwatsu.

To amma gandu ne, yana da doka. Ba a shiga sai da izinin Hukumar Kula da Gandun Daji ta Ƙasa da rakiyar ma'aikacinta. An hana farauta, an hana kiwo da saran itace da cinna wuta. Wanda ya kutsa ba izini laifi ya yi, ko da ruwa kawai ya je kallo. Abin da ya fi damuna shi ne wannan: in kun shiga ta ɓarauniyar hanya, babu mahaluƙin da ya rubuta sunanku ko ya san ta inda kuka bi. Babur ya mutu da la'asar, waya ba sabis, ƙaramin yaro na kukan ƙishirwa, wa zai fita nemanku? Dajin nan ne fa gwamnonin yankin suka haɗa ƙarfi a 2015 suka tura jami'an tsaro cikinsa saboda ɓarayin shanu, kuma hukumar da kanta ta taɓa dakatar da yawon buɗe ido a ciki. Sulhun ƙarshen 2024 alheri ne, har kasuwar shanun Birnin Gwari ta sake ci bayan shekaru a rufe, amma kasuwa daban, tsakiyar daji daban.

Kada ki tsaya a kan "a'a" kawai. Yau da dare, bayan ya ci tuwo, ki zauna kusa da shi ki ce ya ba ki labarin ranar da Baba ya kai shi Dogon Ruwa. Ki saurara har ƙarshe. Sannan ke da bakinki ki nemi ya kai ku Birnin Gwari: ku tashi da safe, yara su gaida dangi, su ga ƙofar fadar Sarki, su ga makarantar da ubansu ya yi. Shi kuma ya je ofishin gandun da ƙafarsa ya tambaya ko ana shiga yanzu, kuma har ina. In sun ce a dakata, a dakata. In sun ba da izini da ɗan rakiya, ya fara zuwa shi kaɗai ya gano, ku da yara ku jira shi a gidan kakarsu.