GAUTAN KAJI: CIYAWAR LAMBU DA HAƊARIN 'YA'YANTA

1.0 Gabatarwa

Bahaushe kan jingina sunan tsiro ga dabba idan tsiron ya yi kama da abincin mutum amma bai kai shi ba. Ta haka aka samu gautan kura da gautan kaji. Wannan darasi zai yi nazarin gautan kaji, wanda manoman Kankiya da Kusada ke cin karo da shi a gonakin damina da lambunan rani.

2.0 Kamanninsa da Yaɗuwarsa

Gautan kaji ɗan dangin gauta ne da tumatir da barkono da dankalin Turawa. A shekarar 1753 masanin tsirrai Linnaeus ya raɗa wa fitaccen nau'insa suna Solanum nigrum. Tsayinsa ba kasafai yake wuce mita ɗaya ba. Furensa fari ne ƙarami mai rawaya a tsakiya. 'Ya'yansa kan fito a curi, girmansu bai kai na ƙwayar wake ba. Koraye ne da farko, su yi baƙi idan sun nuna. Yana son ƙasa mai taki da laima, shi ya sa yake yawaita a fadama da gefen juji. Tsuntsaye ke yaɗa irinsa ta kashinsu.

3.0 Illarsa a Lambu

Yana raba ruwa da taki da amfanin gona. Haka kuma mafaka ne ga ƙwaron Tuta absoluta, wanda ya yi wa tumatir mummunar ɓarna a jihohin Kano da Katsina da Kaduna a shekarar 2016. Don haka ake tuge shi tun kafin ya yi fure.

4.0 Haɗarin 'Ya'yansa

Ɗanyun 'ya'yansa na ɗauke da gubar solanin, wadda aka fara ganowa a jikin wannan tsiro a Faransa a shekarar 1820. Wanda ya ci su kan yi amai da zawo da ciwon ciki da jiri, galibi bayan wasu sa'o'i. Gubar kan ragu idan 'ya'yan sun nuna, amma yawanta ya bambanta daga nau'i zuwa nau'i, kuma ido ba ya tantance hakan. Yarabawa da mutanen Kenya kan dafa ganyen wasu nau'o'insa su ci, sai dai wannan ba hujja ba ce ta cin 'ya'yan, domin kama da wane ba wane ba ce.

5.0 Kammalawa

Yara ne suka fi shiga wannan haɗari, saboda ƙarancin jikinsu da son tsinke-tsinke. Wajibi ne malami ya nuna wa ɗalibansa tsiron a lambun makaranta, ya hana su cin 'ya'yansa, ɗanye ko nunanne. Idan yaro ya ci, a gaggauta kai shi asibiti tare da reshen tsiron.

6.0 Auna Fahimta

1. Me ya sa Bahaushe ya jingina wannan tsiro ga kaji?
2. Kawo alamomi uku na cin ɗanyun 'ya'yansa.