Kimiyya Da Aikin Gona: Gindin Da A Ke Aura Wa Tuffa



Duk wanda ya taɓa cinikin mangwaro a kasuwar Zariya ko ta Kano ya san mai aure ya fi tsoka, ya kuma fi tsada. Amma ba kowa ne ya kan tuna cewa itace mai aure itatuwa biyu ne a jiki ɗaya ba: akwai na sama mai ba da 'ya'ya, akwai kuma na ƙasa, watau gindi, mai riƙe da saiwa. Mai saye na sama kaɗai ya ke dubawa, manomin da ya san aikinsa kuwa na ƙasa ya kan fara tambaya. Da wuya a sami itacen da masana suka binciki gindinsa kamar tuffa, wadda yanzu wasu manoma ke shukawa a tudun Jos.

Dalilin da ya sa ba a shuka ƙwayar tuffa don neman 'ya'ya shi ne, yawancin irinta furensu ba ya ɗaukar ciki da garin kansa, sai ƙudan zuma ya kawo masa garin wata tuffa dabam. Sabo da haka kowace ƙwaya tana da uwa da uba, ba ta kuwa fitowa daidai da ko ɗaya daga cikinsu. Mutum ya ci tuffa mai zaƙi, ya shuka ƙwayarta, ya yi ta ban ruwa shekara bakwai ko takwas, sa'an nan itacen ya haifar masa 'yan ƙanana masu tsami. Shekarun nan kuwa ba mai mayar masa da su. Amma tsiron da ya gaza wajen 'ya'ya ya kan yi saiwa mai ƙarfi, mai nutsewa can cikin ƙasa, to, nan ne amfaninsa ya ke.

Tun da daɗewa masu lambu a Turai suka gane haka, sai suka riƙa neman ƙwayar tuffar daji, wata ƙarama mai tsamin gaske, domin yin gindi. A arewacin Faransa, inda a ke matse tuffa mai tsami a yi abin sha, a kan wanke tukar da ta rage a tsince ƙwayoyin. Har farkon ƙarni na 20 masu renon dashe na Amurka daga Faransa su ke sayo irin wannan tsiro a jiragen ruwa. A ƙasashe masu tsananin sanyi, kamar arewacin ƙasar Sin, tuffar dajin Sibiriya a ke nema, don ƙanƙara ba ta kashe saiwarta.

Ƙwayar tuffa tana da wata al'ada: ba ta tsira sai ta sha sanyi. A kan cuɗa ta da yashi mai damshi, a ajiye wata biyu ko uku a sanyin da ya kusa daskarar da ruwa. A Turai hunturu ke yin wannan aiki, a ƙasa mai zafi kuwa sai firiji. In tsiron ya kai kaurin fensir, sai a tsaga ɓawonsa tsaye da kwance, a yanko ido ɗaya daga reshen tuffar da a ke so, a cusa shi ƙarƙashin ɓawon, a ɗaure. Cikin mako uku a kan gane ko ya kama. Bayan haka a sare kan tsiron bisa idon, domin ƙarfin saiwa duka ya koma ga baƙon.

Sai dai gindin ƙwaya yana da aibu biyu. Ko da ya ke ido iri ɗaya aka aura musu, itatuwan ba su tashi daidai, tun da ya ke kowane gindi da halinsa. Kuma su kan yi girma ƙwarai, har ƙafa 25 ko 30, su yi jinkirin haihuwa, tsinka kuma sai da tsani.

Wannan ne ya sa tashar bincike ta East Malling, wadda aka kafa a lardin Kent na Ingila cikin 1913, ta ɗauki maganar. Wani masani, Ronald Hatton, ya tattara gindin da masu reno ke sayarwa a Ingila da sauran Turai, sai ya tarar sunayen sun cakuɗe: suna ɗaya, itatuwa dabam dabam. Ya rarrabe su, ya ba kowane lamba. Wanda ya fi shahara shi ne na 9, wanda asalinsa daga wajen garin Metz ya ke. Tuffar da aka aura masa ba ta cika wuce ƙafa 10 ba, ta kan fara 'ya'ya a shekara ta biyu ko ta uku, amma saiwarsa gautsi gare ta, tilas a kafa masa turke muddin ransa. Irin waɗannan ba da ƙwaya a ke yaɗa su ba. A kan sare uwar dab da ƙasa, in ta yi tohon rassa a tara musu ƙasa a gindi har su yi saiwa, sa'an nan a yanke kowane a dasa. Ta haka dubu su kan fito da hali ɗaya.

Daga baya East Malling ta haɗa kai da cibiyar John Innes da ke Merton, domin maganin wani ɗan ƙwaro mai farin gashi kamar auduga, wanda ke tsotse saiwar tuffa, musamman a ƙasashe masu ɗumi. Cikin 1952 suka fitar da sababbin gindi, cikinsu har da mai lamba 106, wanda manoman tuddan Habasha suka runguma. Shi kuma ba ya son ƙasa mai riƙe ruwa, sai wuyansa ya ruɓe.

To, manomin Jos da ke faman neman ƙwayar tuffar dajin Sibiriya, maganin cutar da ba ta same shi ba ya ke nema, don ƙanƙara ba ta cikin damuwarsa. Tasa wahalar a sama ta ke: tuffa tana bukatar sanyi kafin idanunta su farka su yi fure, gindi kuwa ba ya biyan wannan bukata. Jos tana bisa tudu mai tsawon ƙafa wajen 4,000, duk da haka sanyinta bai kai na Turai ba, sai a nemi ido daga irin da ɗan sanyi kaɗan ke isarsa, kamar wanda a ke kira Anna, da aka samar a Isra'ila. Manoman Batu, a tsibirin Jawa na Indunisiya, wata dabara suka ƙara: bayan tsinka su kan zage ganyen duka da hannu, itacen ya sake toho da fure, har su sami amfani sau biyu a shekara.

Wanda ya je sayen dashe ya tambayi sunan na sama da na gindi, ya kuma duba gaɓar auren da idonsa. Ta kan nuna 'yar karkata da tabo kaɗan bisa ƙasa. In ba gaɓa, mai yiwuwa tsiron ƙwaya ne kurum. Wajen dasawa a bar gaɓar nan ta ɗara ƙasa da inci huɗu, don in an binne ta na sama zai yi tasa saiwar, amfanin gindi ya tafi. Duk tohon da ya fito ƙasa da gaɓar kuwa na gindi ne, a cire shi tun yana ɗanye.