Tsawon Hannun Garmaho da Daɗin Sauti

Kullum muna cewa "faifan bidiyo", amma kaɗan ne a cikinmu suka taɓa ganin faifai na ainihi. Shi ne baƙin faranti mai zagaye wanda ake ɗora wa garmaho ya yi waƙa. Wani Bajamushe mazaunin Amurka mai suna Emile Berliner ne ya ƙirƙiro garmaho mai faifai a 1887. A nan gida ma, waƙoƙin Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos sun fito a kan faifai. Darasinmu na wannan mako a kan hannun garmaho ne, wato sandar da ke riƙe da allura. Shin tsawonta yana canza sauti?

Yadda waƙa ke fitowa

A jikin faifai akwai siririn kwarmi guda ɗaya da ya nannaɗe daga baki zuwa tsakiya. Kwarmin ba santsi ba ne, yana da 'yan karkace-karkace. Idan faifai yana juyawa, allura tana bin su tana karkarwa, na'ura kuma ta mayar da karkarwar sauti. Babban faifai faɗinsa inci 12 ne, kuma yana juyawa sau 33 da sulusi a minti ɗaya.

Ina matsalar take?

A masana'anta, injin da ke yanka kwarmin yana tafiya ne a miƙe, daga baki zuwa tsakiya. Shi kuwa hannun garmaho an kafe gindinsa a wuri ɗaya, saboda haka allura tana tafiya a lanƙwashe kamar baka. Ke nan hanyar da aka bi wajen rubuta waƙar daban, hanyar da ake bi wajen karanta ta daban. Idan an saita hannun da kyau, a wuri biyu kaɗai allura ke zama daidai a cikin kwarmi. A sauran wuraren tana ɗan karkacewa, har kusan digiri 2 a hannu mai inci 9. Wannan karkacewa tana sa murya ta ɗan shaƙe, musamman a waƙoƙin da ke kusa da tsakiya, inda karkace-karkacen suka fi cunkushewa.

Gwajin da muka yi

Mun kafa ƙusa a jikin katako, muka ɗaura mata zare mai santimita 23, wato kusan inci 9, muka ɗaura fensir a ɗaya bakin. Sai muka zana baka mai faɗin santimita 9, domin kusan nisan da allura ke tafiya ke nan. Da muka haɗa bakin bakan biyu da rula, tsakiyarsa ta kauce daga miƙaƙƙen layi da kusan milimita 4 da rabi. Muka sake da zare mai santimita 30, kusan inci 12, sai kaucewar ta koma kusan milimita 3 da rabi. Ashe idan da'ira ta ƙara girma, gefenta yana ƙara kama da miƙaƙƙen layi. Shi ya sa dogon hannu ke rage karkacewar allura da kusan kashi ɗaya cikin huɗu.

Me ya sa ba a yi su duka dogaye ba?

Da farko mun zaci dogon hannu ya ci gasa. Amma ku riƙe doguwar gora da gajeriyar sanda ku girgiza su. Gorar ta fi nauyi, ta fi lilo, kuma ta fi wuyar tsayarwa. Haka dogon hannu yake. Idan ba a yi shi da abu mai ƙwari ba, yana karkarwa da kansa, karkarwar ta shiga cikin waƙa. Idan kuma zafin rana ya lanƙwasa faifai, hannu mai nauyi ya fi shan wahalar bin hawa da saukarsa. Ga shi yana buƙatar babban mazauni. Don haka yawancin garmaho suke da hannu mai kusan inci 9. Kamfanin SME na Ingila ya yi iri biyun, 3009 gajere da 3012 dogo, kowa ya zaɓi nasa.

Abin da muka koya

Tsawo yana taimakawa, amma saiti ya fi shi muhimmanci. Gajeren hannu da aka saita daidai ya fi dogon da aka ɗaura a karkace. Kuma allurar da ta ƙare ko ta karkace tana cin kwarmi, abin da ta ci kuwa ba ya dawowa. Idan akwai tsohon faifai a gidanku, kada ku ɗora masa kowace irin allura, kada kuma ku bar shi a rana. Wataƙila waƙar da ke kansa ba ta da yawa a hannun mutane yanzu.

Tambayar mako: idan zaren ya zama santimita 46, kaucewar za ta zama milimita nawa? Ku gwada, ku saka amsa a akwatin kulob kafin ranar Juma'a.