MAMACI BA YA DAWOWA: GYARA GA ABIN DA FIM KE KOYA MANA



Wani matashi mai aiki a wata masana'anta a Bompai ya tare ni bayan sallar isha'i. Mahaifiyarsa ta rasu sati uku da suka wuce. Ya ce: "Malam, wai da gaske ne ruhinta yana nan yana zagaya gidanmu? Wallahi tsoron shiga ɗakinta nake." Na ce a ina ka ji? Ya ce haka yake gani a fim da littattafan da ake turowa a WhatsApp.

Kun ga matsalar ko? Yaron da ya kamata ya duƙufa yi wa uwarsa addu'a, ya koma gudun ɗakinta.

Mu duba abubuwa uku.

Na ɗaya, dawowar mamaci. A fim ɗin Indiya Karan Arjun na 1995, an kashe 'yan uwa biyu, aka sake haihuwarsu don su ɗauki fansa. Wannan aƙidar Hindu ce, su a wurinsu addini ne. Mu kuwa Suratul Mu'minun, aya ta 99 da ta 100, ta nuna wanda mutuwa ta zo masa zai roƙi a mayar da shi duniya, amma ba za a amsa masa ba, barzahu ya shiga tsakani har ranar tashin alƙiyama. To ina fatalwa ta sami hanya?

Na biyu, kururuwa. Da an yi rasuwa a fim sai ka ga birgima, da yage riga, da "wayyo na shiga uku, wa zai riƙe ni?" Hadisin Ibnu Mas'ud a Bukhari da Muslim ya yi hani mai tsanani a kan marin kunci da yage tufafi. Amma a kula, hawaye ba laifi ba ne. Annabi (SAW) ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim, bai dai furta abin da zai saɓa wa Ubangiji ba.

Na uku, ba duk ƙagaggen labari ne ɓata ba. Ku karanta Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Uwa ta bi sawun ɗanta da aka sace, ita ma ta faɗa bauta, da Allah Ya haɗa su ba ta daɗe ba ta cika. Akwai ɗacin rashi a ciki, amma babu fatalwa, ga kuma tawakkali.

Mutanen Bompai ba sai an koya musu rashi ba. Waɗanda suka ga Juma'ar 20 ga Janairu, 2012 sun san abin da ya riƙe zukata: haƙuri da addu'a.

Na ce wa yaron nan: shiga ɗakin mahaifiyarka, ka share, ka yi nafila a ciki. Bincika ko ana bin ta bashi ka biya. Yi mata sadaka, ka riƙe zumuncin ƙawayenta. Addu'ar ɗa nagari tana cikin abubuwa uku da ba sa yankewa bayan mutuwa.

Marubuta da 'yan fim kuma, ku ji tsoron Allah, akwai marayun da daga wurinku suke ɗaukar karatu.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.